Mutumin da Ya Ajiye Mana Tudun Kirya

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Ƙafin Maiyaki ta wajen tashar 'yan acaɓa ya san rumfar Malam Abdussalami, ko da bai san sunan mai ita ba. Rumfar kwano ce, a gabanta benci mai karyayyar ƙafa da aka tokare da bulo, a bayanta janareta yana ta aman hayaƙi. Yana idar da sallar asuba yake zuwa. Ya share gaban rumfar, ya goge allon caji da tsumma, ya yi ta jan igiyar janaretan har sai ya ga dama ya tashi, sannan ya zauna karɓar wayoyin mutane. Sana'arsa ke nan, cajin waya da tura wa mutane karatu da wa'azi da waƙoƙi a memori. Ba shi da fara'ar 'yan kasuwa. In ka kawo waya da datti, a gabanka zai goge ta yana kallonka don ka ji kunya. Siriri ne ƙwarai, har abokan wasansa na cewa in hadari ya taso sai an ɗaure shi a jikin rumfar.

Da la'asar, daidai lokacin da masu irin sana'arsa suke cin kasuwa, shi sai ya kashe janareta, ya damƙa wa maƙwabcinsa ragowar wayoyin da ba a zo ɗauka ba, ya rataya wata baƙar jaka, ya hau tsohon mashin ɗinsa. Yau Yako, gobe Ɗansoshiya, ranar da babu kasuwa har Tudun Wada yake kaiwa. Tsofaffi yake bi gida-gida. Ya gaishe su a durƙushe, ya ajiye waya a gefen tabarma, ya ɗauki muryarsu. Shekaru ya shafe yana wannan, ba wanda ya aike shi, ba kuma wanda ya taɓa tsayawa a bainar jama'a ya ce masa sannu.

A ƙarshen watan nan zai rufe rumfar, domin kunnuwansa sun daina aiki. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Sunana Nusaiba, ina koyarwa a wata firamare a Kiru, amma ni 'yar Tudun Kirya ce, wani ƙauye a bakin daji can ƙasar Doguwa. Kada ku wahalar da kanku wajen nemansa, babu shi. Masu satar mutane sun yi ta shigo mana muna haƙuri, har ranar da suka harbe mutum huɗu a gona da hantsi. Aka binne su a gurguje, kafin azahar gari ya watse, kowa ya kama gabansa da abin da kansa zai iya ɗauka. Cikin huɗun nan akwai yayana Mujitaba. Wasu suka tsaya a Tudun Wada, wasu suka wuce Bebeji, mu da mahaifiyata Inna Hasana muka faɗo Ƙafin Maiyaki.

Malam Abdussalami ba ɗan garinmu ba ne. Ɗan Yako ne, a lokacin ko hanyar Tudun Kirya bai sani ba. Bencinsa ne ya haɗa mu. Mazanmu da suka rasa gona suka rasa abin yi, nan suke zama da sunan jiran caji. Wata rana dattawa biyu suka kaure da gardama a kan rijiyar garin, ɗaya ya ce gabas da masallaci take, ɗaya ya ce arewa, har da rantsuwa, har sai da aka shiga tsakani. Mutanen da tun suna goye suke shan ruwan rijiyar nan! Da na tambaye shi daga baya abin da ya kai shi ga wannan wahala, cewa ya yi, "Malama, in rijiya ta fara yawo a bakin waɗanda suka haƙa ta, me kike zaton jikokinsu za su samu?"

Ba ya ce wa tsoho "ba ni tarihi". Ya ce in ka faɗi haka, tsoho zai gyara zama ya jero maka sarakuna da yaƙe-yaƙen da ko kakansa bai gani ba. Abin da yake cewa shi ne, "Baba, ka fito daga masallaci, ka juya dama. Ƙofar wa za ka fara wucewa?" Sai tsoho ya lumshe ido ya kama tafiya da baki. Nan gidan wane ne, zaurensa na kara, ga maƙera a gefe. Nan ne akuyar wance ta faɗa rami aka yi ta shari'a. Wannan lungun ba a bin sa da damina. Da yawansu in sun iso ƙofar gidansu sai su tsaya cik, su kasa shiga. Shi kuma ba ya kashe wayar, ba ya ba su haƙuri, shirun ma ɗauka yake yi. In ya koma gida ya juye a kwamfuta, ya sa wa kowace murya sunan mai ita da garinsa, ya haɗa da tsofaffin hotunan da ya ɗauka daga bangon ɗakunan mutane. Da ya gama da namu, mutanen wasu ƙauyukan da suka watse suka fara aiko masa.

To amma ku dubi ƙasar da muke ciki. Mutum yana yawo da waya yana tambayar ina gidan wane, wa ke da turken shanu, ta ina hanyar rafi ta bi. A wani ƙauye bayan Tudun Wada samarin da ke gadin gari suka kewaye shi, suka ce ɗan rahoton mutanen daji ne. Muzammil, wani ɗan acaɓa ɗan garinmu, magidanci mai 'ya'ya, yana wurin, shi ya ba ni labari. Ya ce da hannu bibbiyu wani ƙato ya tafa wa Malam Abdussalami kunnuwa har jini ya zubo, shi kuwa ko kare kansa bai yi ba, kifewa ya yi a kan jakar ana dukan bayansa. Sai da tsohon da ya je ɗauka ya fito da sanda yana zagi sannan suka ja da baya. Ban ce samarin nan mugaye ba ne, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake. Amma har yau ina jin haushi, domin ko ɗaya a cikinsu bai taka ya zo duba shi ba. Kunnen hagu a ranar ya mutu. Na dama kuma ƙarar janareta ta ci gaba da cinsa a hankali.

Matarsa Khairiyya ta yi kuka ta ce ya bari. Ni ma na ce ya bari. Ya ce, "To." Wanda ya san Malam Abdussalami ya san "to" ɗinsa ba ta nufin komai. Kumburin fuskarsa bai gama sacewa ba ya koma kan mashin.

Ba dukan ne ya fi yi masa ciwo ba. Wata rana wutar janaretan ta yi sama ta ƙone kwamfutar, duk abin da ya tara da farko ya tafi. Ya sake bin gidajen daga farko, amma a gidaje da dama tabarmar kawai ya tarar, mai ita an kai shi makwanci. Waɗannan muryoyin sun tafi ke nan har abada, kuma ya san sunan kowannensu. Tun daga nan ba ya yarda da ajiya ɗaya. Ɗaya a kwamfuta, ɗaya a ma'ajiyar da ya kai wa ƙanwarsa a Bebeji, ɗaya a intanet, sannan kowane gida ya ba su memori mai muryar tsohonsu, ya ce su sa a ƙasan akwati.

Malam, kai ne ka ɗauki kayan da ba naka ba, masu kayan suna zaune a bencinka suna yi maka dariya. Kai ne aka kira maci amana a ranar da kake kwance a kan amanar. Na ji masu cewa aikin banza kake, wai murya ba ta cika ciki. Gaskiya ne, ba ta cikawa. Bari in faɗa musu abin da ta yi wa gidanmu.

Mu mata ba ma raka gawa maƙabarta, kowa ya san wannan. Daga zaure muke rabuwa da namu, maza su ɗauka su tafi, su dawo su ce an kai shi. Saboda haka Inna ba ta taɓa ganin inda aka kwantar da Mujitaba ba, ni ma haka. Mazan da suka binne shi kuwa a firgice suke, kunnensu na daji, ba wanda ya riƙe wurin sai mai haƙar kabarin garinmu, Baba Mumini. Shi kuma yana Yako a zauren 'yarsa, ɓarin jikinsa ya shanye.

Da Malam Abdussalami ya fara zuwa wurinsa, korarsa ya yi. "Ɗan nan, wanda ya kwanta ya kwanta. Ka je ka ɗauki masu rai." Bai yi musu ba, bai kuma daina zuwa ba. Ya yanke masa farce, ya juya shi in ya gaji da kwanciyar gefe ɗaya, ya kore masa ƙuda. Ana nan, ran nan tsohon ya dube shi ya ce, "Kunna abin naka. Na ga alama ni ma an kusa haƙa mini, kuma ba ni zan haƙa ba, Allah ya sa kada su yi mini aikin ganin dama."

Na saurari wannan muryar, ban ƙara iya saurara ba. Baba Mumini ya shiga maƙabartar da baki ta gindin aduwa, ya bar suri a hagunsa, ya bi layi-layi yana kiran matattu da sunansu da sunan ubansu, kamar mai gaisuwar safe. Da ya zo ƙarshe sai muryarsa ta yi ƙasa. "Huɗun nan na ranar gudu ba a ciki muka sa su ba, babu lokaci. A baki-baki ne ta gabas, bayan dutsen nan mai kama da turmi. Randunan gidan mai unguwa muka fasa muka rufe su, ba halin sarar itace. Ramin bai yi zurfi ba, Allah ya yafe mana. Mujitaba ne na jikin dutsen." Baba Mumini bai ga kakar shekarar ba.

Bara da bazara Muzammil ya dawo daga wajen Doguwa da labari. Daji ya ɗan lafa, wani mai hali daga birni ya samu filayen kufanmu, ya kawo tarakta ana kaftu ba dare ba rana, an doshi wajen maƙabarta. Kabarinmu kuwa kun san shi, ba siminti ba rubutu, damina kaɗan ta ishe shi ya baje ya koma ƙasa. Inna ta ji, ta ture kwanon tuwo. Washegari ma ta ture. Tambaya ɗaya take yi wa duk namijin da ya shigo gaishe ta: "A ina kuka ajiye mini yaron nan?"

Na kai ta rumfar. Ya taso da sauri ya durƙusa.

"Inna, ina wuni? Ai da kin aiko, ni zan zo."

"Ɗan nan, an ce Mumini ya bar maka magana."

Bai ji ba. Na matsa kusa da kunnensa na dama na maimaita da ƙarfi, mutane na juyowa suna kallonmu.

"Ya bari, Inna."

"To ka je ka tsaya mini a kan yaron nan kafin ƙarfe ya riga ka."

Da sassafe suka tafi, shi da Muzammil da dattawan garinmu da suka iya hawa mashin, a hanyar da har yanzu mutum ba ya binta sai da addu'a a baki. Abin da ya faru a can daga bakin Muzammil na ji, na kuma ji daga bakin dattawan, bai saɓa ba. Gidaje sun rushe, masallaci saura bango. An sare aduwar, amma kututturen na nan. Muzammil ya ɗaga 'yar lasifika sama, sai ga muryar Baba Mumini a fili tana cewa, "Ka shiga ta gindin aduwa." Wani dattijo ya amsa da "Na'am" bai sani ba, sannan ya rufe fuska da hula. Malam Abdussalami ba ya jin abin da lasifikar ke faɗa, amma ya haddace tun kunnensa na da saura. Yana gaba, leɓensa na motsi, yana kafa turke a kan kowane kabari, muryar mamacin na biye da shi tana tabbatarwa.

Direban taraktar ya hango su ya kashe inji ya sauko. Da ya gane abin da ake yi, zama ya yi a ƙasa ya ɗora hannu a ka. "Wallahi ce mini aka yi saura ce, tsohuwar gonar da aka bari," yake ta faɗa. Sannan ya ce jiya garmarsa ta tono fasassun randuna a jikin wani dutse can gabas, ya zaci tsohon juji ne, ya wuce.

Suka nufi dutsen. Garma ta bi ta kan huɗun nan, ta je ta dawo. Suka durƙusa suna tsintar ƙasusuwa a cikin ƙasar da aka kafce. Wani dattijo ya kwance rawaninsa aka tara a ciki. Aka haƙa rami ɗaya mai zurfi a cikin maƙabartar aka sa su tare, aka kewaye wurin duka da shingen bini-da-zugu. Mai filin bai zo ba, amma ya aiko cewa a bar wa matattu wurinsu. Kaburburan gari guda sun tsira a ranar, har da na mahaifina da na kakannina.

A hanyar dawowa Muzammil ya tsayar da mashin ya yi wa Malam Abdussalami ihu a kunne, ya ce a gaya wa tsohuwa an samu kabarin ɗanta lafiya lau, me za a rasa? Shi kuwa ya girgiza kai. Ya ce maganar mutane yake ajiyewa, in ya fara gyara ta don a ji daɗi, gobe ba mai yarda da ko ɗaya.

Da la'asar ya yi sallama a zaurenmu, ƙurar hanya har gira. Inna ta fito ta zauna.

"Inna, maƙabarta ta tsira. Kabarin Malam maigidanki yana nan, na iyayenki suna nan." Sannan ya ce, "Amma yaronki ƙarfe ya riga ni."

Ta ce, "Kun tsince shi?"

Na faɗa masa a kunne.

"Mun tsince su su huɗu, Inna. Ba mu iya rabe su ba."

Ni na fashe da kuka, na ji kamar in tashi in shaƙe duk wanda ya taɓa cewa ƙauyenmu saura ce. Ita ba ta yi ba. Ta gyara mayafi, ta nuna jakarsa da haɓa, ta ce in gaya masa ya fito da wayar. "Maza sun san inda suka binne gawa," ta ce. "Inda aka binne cibiya kuwa mu muka sani, kuma ba wanda ya taɓa tambayarmu."

Ya ajiye wayar a gefen tabarma. Ita ba ta masallaci ta fara ba, ta ƙofar baya ta shiga gari, ta madafai da bayan ɗakuna, hanyar da mata ke bi. Gida-gida ta faɗi wanda aka haifa a wane ɗaki, wace ungozoma ta yanke cibiya, a gindin me aka binne ta, wa ta sha wuyar naƙuda, wa ba ta tashi ba. Garin da na ji a bakinta ba ya cikin duk abin da maza suka faɗa. Shi yana zaune yana kallon layin da ke motsi a fuskar wayar, da shi yake gane tana magana. Da ta iso ɗakinta sai ta tsaya, layin ya kwanta. Can ta ce, "Bayan ɗakina, gindin zogale, nan aka binne cibiyar Mujitaba. Garma ba ta kai nan ba."

Ɗanta na fari ne. Kun san alkunyar iyayenmu, tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko da yana raye, ko a ranar da aka shigo da shi cikin jini. Ni 'yarta a ranar na fara jin sunan a bakinta, kuma yana nan a ajiye wuri uku.

Malam Abdussalami, mai ajiyar da ba ta cin hanci, na gode. Inna ta gode, ta ce Allah ya sa ka ji kiran alheri ranar da kowa zai ji. Mutanen Tudun Kirya na Tudun Wada da na Bebeji da na nan sun gode, har da waɗanda girman kai ya hana su faɗa. Ka ce mini abin da ke damunka shi ne ka bar ɗaukar muryar mata sai da kunnenka ya tafi. Ka kwantar da hankalinka, ni da Khairiyya mun karɓi wannan ɓangaren, mun riga mun fara, duk da ka ce muna cika surutu a kan maganar tsofaffi. Allah ya ba ka lafiya, ya saka maka da abin da mu ba za mu iya ba.

Ku kuma masu karatu, kowannenku da waya a aljihu, cike da abin dariya da hotunan abinci. Akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku da kuke wucewa da "ina kwana" kawai. Ba a fafe gora ranar tafiya, mu ma ba mu taɓa zaton garinmu zai tashi tsakanin hantsi da azahar ba. Ku zauna a gabansu yau, ku tambaye su wa ke kwance a ina, ku ajiye a inda wuta da ɓarawo ba za su cinye duka ba. Mu da muka yi jinkiri ga abin da muka samu: in Inna ta ɗaga hannu za ta yi wa ɗanta addu'a, mutum huɗu take yi wa, domin ba ta san wane ƙashi ne nata ba.